Yara Ashirin a Tsibiri: Tarihin Sikawut da Nauyin da Ke kan Iyaye

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali ya san yadda Mina take a kwanakin jifa. Tantuna farare fat, iri ɗaya, layi bayan layi har inda ido ya ƙare. Dattijo ya dawo daga jifa, ya yi hagu inda ya kamata ya yi dama, shi ke nan ya ɓata. Ba ya jin Larabci, ƙafa ta kumbura, rana na dukan kai. Can sai ga wani saurayi da riga mai ruwan ƙasa da ƙyalle ɗaure a wuya. Ya riƙe hannun tsohon, ya karanta lambar da ke jikin munduwarsa, ya zaro taswira daga aljihu, ya sa shi gaba har ƙofar tantinsu. Ko sisi ba ya karɓa. Larabawa suna kiran waɗannan samari kashshafa, mu kuma muna ce musu 'yan sikawut, kuma dubbansu ne Saudiyya ke bazawa a Mina da Arfa duk shekara don wannan aiki.

Wanda ya ga saurayin nan yana hidimar baƙin Allah zai yi mamaki idan aka ce masa wani sojan mulkin mallaka na Ingila ne ya kafa ƙungiyarsa. Amma haka abin yake.

An haifi Robert Baden-Powell a Landan ranar 22 ga Fabrairu 1857. A makarantar Charterhouse bai yi fice a aji ba, hankalinsa yana cikin kurmin da ke bayan makaranta, inda yake ɗana wa zomaye tarko yana ɓuya wa malamai. Ya shiga sojan doki a 1876, aka kai shi Indiya, kuma a can ya ƙware a aikin leƙen asirin abokan gaba: bin sawu, karanta ƙasa, zana taswira, tafiyar dare ba tare da an ji motsinka ba. Daga sunan mai wannan aiki a Turanci kalmar sikawut ta samo asali.

Sawunsa ya biyo ta yankinmu ma. A ƙarshen 1895 aka tura shi ƙasar da ake kira Gana a yau, cikin rundunar da ta nufi Kumasi don karya mulkin Asante, rundunar da ta haɗa har da dakarun da Turawa ke kira sojan Hausa. Aikinsa shi ne ya ja 'yan ƙasa su yi gaba, suna sare daji, suna ɗaura gadoji da itace da igiya. A Janairun 1896 suka shiga Kumasi ba tare da an gwabza ba, aka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, aka fitar da shi daga ƙasarsa, daga bisani aka kai shi tsibiran Seychelles, bai sake ganin gida ba sai 1924. Har yau 'yan sikawut suna gaisawa da hannun hagu, kuma suna danganta al'adar da wani labari na mayaƙan Asante, wai jarumi ne kaɗai ke ajiye garkuwarsa ya miƙa maka hagu. A wurinmu miƙa hagu rashin ladabi ne, don haka uban da ya ga ɗansa yana yin haka da abokansa na sikawut ya san inda abin ya fito, ya kuma tuna masa cewa a gaban manya dama ake miƙawa.

Abin da ya ɗaga sunan Baden-Powell shi ne Mafeking, wani ƙaramin gari a Afirka ta Kudu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Boer a Oktoban 1899, aka yi wa garin ƙawanya yana ciki a matsayin kwamanda, aka shafe kwana 217 kafin a kawo ɗauki a watan Mayun 1900. Maza sun yi ƙaranci, sai wani hafsansa, Lord Edward Cecil, ya tara yaran Turawan garin, ya ba su kaki, ya sa su kai saƙonni da wasiƙu, da farko a kan jakuna, daga baya a kan kekuna, harsasai na shawagi. Shugabansu yaro ne ɗan shekara goma sha uku. Baden-Powell ya lura da wani abu da bai taɓa mantawa ba: idan ka ɗora wa yaro nauyi na gaske, ka nuna masa ka amince da shi, yakan ɗauka.

Wannan shi ne labarin da ake faɗa wa yara a bakin wuta. Akwai wanda ba a cika faɗa ba, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Baƙaƙen fatar da ke cikin garin, 'yan ƙabilar Barolong da 'yan ci-rani, sun fi Turawa yawa nesa ba kusa ba, sun riƙe bindiga sun kare garin, amma da abinci ya yi ƙaranci kasonsu aka fara ragewa, kuma da yawansu yunwa ce ta kashe su. Sol Plaatje, tafintan kotun garin wanda daga baya ya zama sakataren farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama ANC, ya rubuta abin da ya gani a kundinsa na yau da kullum. Mutumin da ya kafa sikawut ɗan zamaninsa ne, da imanin zamaninsa cewa Bature ne a sama. Ƙungiyar ta fi mai ita girma daga baya, kuma wannan ne ya cece ta.

Baden-Powell ya koma Ingila ya tarar ya zama gwarzo, ya kuma tarar da wani abin mamaki. Ɗan littafin da ya rubuta wa sojoji a 1899 kan dabarun leƙen asiri ya faɗa hannun yara da malamansu, suna wasa da shi a filaye. A 1904 ya halarci faretin Boys' Brigade, ƙungiyar yaran coci da William Smith ya kafa a Glasgow a 1883, sai Smith ya ba shi shawarar ya sake rubuta littafin don yara. Ya ɗebi dabaru da dama daga Ernest Thompson Seton, wanda ya riga ya kafa ƙungiyar yara masu koyon zaman daji a Amurka. Su kuwa manyan Birtaniya a lokacin hankalinsu a tashe yake, domin yaƙin Boer ya nuna musu cewa samarin biranensu da yawa ba su da ƙoshin lafiyar shiga soja. Ƙasa a jiƙe take, iri kawai ake jira.

Kafin ya buga littafin sai ya ce bari ya gwada. Ranar 1 ga Agustan 1907 ya kafa sansani a tsibirin Brownsea da ke gaɓar kudancin Ingila da yara kimanin ashirin. Da gangan ya gauraya su: 'ya'yan masu hali daga makarantu irin su Eton da Harrow, da 'ya'yan talakawa daga garuruwan Poole da Bournemouth, abin da ba a saba gani ba a Ingilar wancan lokaci. Da asuba yakan tashe su da busa ƙahon wani babban gwanki da ya zo da shi daga kudancin Afirka. Da rana su koyi kafa tanti, ƙulla igiya, bin sawu, dafa abinci, ceton wanda ya faɗa ruwa. Da dare a kewaye wuta ana labari. Mako guda aka yi.

Abin da ya fi komai muhimmanci a sansanin nan bai ɗauki ido ba. Ya raba yaran gida huɗu, kowane rukuni da sunan dabba ko tsuntsu, ya naɗa wa kowanne shugaba daga cikin yaran, ya ce masa waɗannan naka ne, kai za a tambaya. Babba ya koma gefe yana kallo. Wannan tsari na rukunin yara shida zuwa takwas ƙarƙashin ɗan'uwansu shi ne ƙashin bayan sikawut har gobe. Saurayi ɗan shekara goma sha huɗu, ko ka so ko ka ƙi, zai nemi gungun tsaransa, zai kuma fi jin maganarsu fiye da taka. Ba a iya hana shi, abin da ake iyawa shi ne a zaɓar masa gungun, a ba gungun aikin yi. Hausawa ba baƙin wannan hikima ba ne. Garuruwanmu sun san sarkin samari da muƙarrabansa, sun san gayya, inda samari ke haɗuwa su nome gonar wani ko su gyara hanya, kuma a Nijar gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya bayan 1974 bisa wannan tushe.

A Janairun 1908 littafin Scouting for Boys ya fara fitowa, kashi shida, duk mako biyu kashi ɗaya, a kan kwabo huɗu. Niyyar marubucin ita ce ƙungiyoyin da ke akwai su ɗauki dabarun su yi amfani da su. Yara ba su jira ba. Suka riƙa haɗa rukuni da kansu a lungunan birane, suna yanke dogon wando ya koma gajere, suna riƙe sandar tsintsiya, sa'an nan su je su nemi wani babba a unguwa su roƙe shi ya zama malaminsu. Ƙungiya ce da yara suka kafa, manya suka bi bayansu da gudu don su tsara ta. A 1909 aka yi gangami a Crystal Palace da ke Landan, yara kusan dubu goma sha ɗaya suka hallara, har da wasu 'yan mata da suka zo cikin kaki suka ce su ma 'yan sikawut ne. Wannan ya sa aka kafa ta 'yan mata a 1910 ƙarƙashin Agnes, ƙanwar Baden-Powell. A shekarar ce kuma ya ajiye aikin soja ya duƙufa a kan ƙungiyar, wadda mambobinta a Birtaniya suka riga suka haura dubu ɗari.

Daga nan sai yaɗuwa kamar wutar daji. Amurka ta kafa tata ranar 8 ga Fabrairun 1910 ta hannun wani mai gidan jarida, William Boyce. A Birtaniya kuma aka buɗe sashen ƙananan yara a 1916. A 1919 aka sami filin Gilwell kusa da Landan don horar da malamai, kuma wanda ya kammala akan rataya masa 'yan ƙwayoyin itace a wuya, waɗanda na farkonsu aka ciro daga wata sarƙa da ake dangantawa da Dinuzulu, sarkin Zulu. A 1920 aka yi babban taron duniya na farko, wanda suke kira Jambori, a Landan, da yara dubu takwas daga ƙasashe 34, shekara biyu kacal bayan Yaƙin Duniya na Farko ya cinye samarin Turai, cikinsu har da dubban tsofaffin 'yan sikawut. Wannan yaƙi ya sauya harshen Baden-Powell. Wanda ya fara da maganar kare daula ya koma maganar zumunci tsakanin al'ummai. Ya rasu a Nyeri ta ƙasar Kenya ranar 8 ga Janairun 1941, kuma a can kabarinsa yake.

Masu mulkin kama-karya sun gane ƙarfin abin tun da wuri. Tarayyar Sobiyet da Italiyar Mussolini da Jamus ta Hitler duk sun rushe sikawut, suka kafa nasu ƙungiyoyin samari da kaki da sansani da rantsuwa iri ɗaya, amma biyayyar ga jam'iyya. Iyaye su riƙe wannan, domin kaki da fareti kowa na iya arawa. Abin dubawa shi ne me ake cusa wa yaron a ciki.

A ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka kuwa labarin ya ɗauki wani salo. Dokar sikawut ta ce kowane ɗan ƙungiya ɗan'uwan kowane ne, amma a Afirka ta Kudu aka hana yaran baƙaƙe shiga, aka ware musu tasu daban. A Indiya ma da farko an rufe wa 'yan ƙasa ƙofa har suka kafa nasu. Waɗanda aka ware sai suka riƙe dokar suka juya ta kan masu ita. A Aljeriya Mohamed Bouras ya kafa sikawut na Musulmi a tsakiyar shekarun 1930, ta zama makarantar kishin ƙasa, kuma saurayin da 'yan sandan Faransa suka harbe a Sétif ranar 8 ga Mayun 1945 don ya ƙi sauke tutar Aljeriya, Bouzid Saâl, ɗan sikawut ne. Nijeriya ta sami sikawut a 1915, ta shiga ƙungiyar duniya a 1961, kuma a tsaunukan Shere da ke Jos aka yi Jamborin Afirka na farko a 1977. A yau ƙungiyar duniya tana da rassa a ƙasashe sama da 170 da mambobi sama da miliyan hamsin, kuma reshe mafi girma ba a Turai yake ba, yana Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Don haka tsoron da wasu iyayenmu ke yi cewa abin na 'yan mishan ne ba shi da tushe a yau. Alkawarin da yaro ke ɗauka ya haɗa da sauke haƙƙin Ubangijinsa bisa addininsa, kuma akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar sikawut ta Musulmi mai hedikwata a Jidda.

Tsoron da ke da tushe wani ne daban, kuma Amurka ce ta biya kuɗin karatunsa da tsada. Reshen can ya bunƙasa har yaransa suka haura miliyan huɗu a farkon shekarun 1970. Amma tun wajajen 1920 hedikwatarsa ke ajiye wasu fayiloli na sirri masu ɗauke da sunayen manyan da aka kora bisa zargin lalata da yara. Manufar ita ce kada su dawo. Sai dai sau da yawa ba a kai magana ga 'yan sanda ba, ba a gaya wa iyaye ba, akan bar mutum ya ajiye aiki a asirce da sunan rashin lafiya ko yawan hidima, wani ya koma wani gari ya sake ɗaura ƙyallen wuya. A 2012 kotun jihar Oregon ta tilasta aka fito da fayiloli sama da dubu ɗaya na tsakanin 1965 da 1985. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta shiga kotu neman kariyar karayar arziki, mutane sama da dubu tamanin da biyu suka shigar da ƙorafin cewa an ci zarafinsu suna yara, da yawansu sun yi furfura kafin su iya buɗe baki. Aka ƙare da asusun diyya na dala biliyan biyu da miliyan ɗari huɗu da sittin. Yaranta yanzu kimanin miliyan ɗaya ne, ta buɗe ƙofa ga 'yan mata, ta kuma sauya suna zuwa Scouting America a 2025.

Ni a ganina laifin bai tsaya kan miyagun da suka aikata ba. Kura duk inda garke yake za ta zo, ko makaranta ce, ko ƙungiyar ƙwallo, ko gidan koyon sana'a. Babban laifin na shugabannin da suka fifita sunan ƙungiya a kan ɗan mutane ne. Kuma mu kada mu karanta wannan muna cewa abin Turawa ne, domin rufin asiri da a bar maganar kada a ɓata sunan malam mun san su sarai. Yaro namiji ma ya fi wuyar faɗa, saboda an horar da shi cewa namiji ba ya kuka.

Daga wannan masifa aka fito da ƙa'idojin da ya kamata kowane uba da uwa su haddace, ko sikawut ɗansu zai shiga, ko 'yan agaji, ko Man O' War. Tun shekarun 1980 reshen Amurka ya wajabta cewa kowace fita sai da manya aƙalla biyu, kuma babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya inda ba a ganinsu. Babba ba ya kwana tanti ɗaya da yaron da ba nasa ba. An hana horon wulaƙanci da bukin shiga ƙungiya na sirri, kuma ba wani taro da za a ce iyaye ba su da izinin leƙawa. Da waya ta zo aka faɗaɗa dokar: malami ba ya tura wa yaro saƙo shi kaɗai ba tare da wani babba na gani ba. Ƙungiyar duniya ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a taronta na Baku a 2017, ta ɗora wa kowane reshe aiwatar da ita. Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan ƙa'idoji, domin shi ma suna kare shi daga ƙazafi. Wanda ka tambaya ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da shi ba, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma haɗarin da ba na mugunta ba ne, na sakaci. Jamborin duniya na 2023 a Koriya ta Kudu ya tara mutane sama da dubu arba'in a wani fili marar inuwa cikin tsananin zafi, ɗaruruwa suka galabaita, tawagogin Birtaniya da Amurka suka janye, daga ƙarshe guguwa ta sa aka kwashe kowa. Idan ƙasa mai arziki irin wannan ta yi tuntuɓe a kan ruwan sha da banɗaki da inuwa, sansanin makarantar unguwa a watan Afrilu ya fi cancantar a yi masa tambaya: ina ruwa, wa ya iya taimakon gaggawa, wace mota ce za ta kai su, ina asibiti mafi kusa, kuma hanyar da dajin lafiya suke?

Duk wannan ban faɗe shi don a hana yara ba. Na ga abin da ƙungiyar ke yi wa yaro. Na san wani ɗan maƙwabcinmu da ba ya iya haɗa ido da baƙo, wanda ko shayi uwarsa ce ke haɗa masa. Bayan shekara biyu na gan shi a filin makaranta da usur a wuya, yara shida a bayansa, yana duba ƙullin igiyar kowa, ya kwance na wani ya ce sake, sa'an nan ya durƙusa ya nuna masa a hankali. Ranar da wata yarinya ta faɗi a kan babur a layinmu, manya na ta salati suna kewaye, shi ne ya danne raunin da ƙyallen wuyansa ya ce a nemo mota. Abin baƙin cikin shi ne a makarantunmu da yawa sikawut ya ƙanƙance ya koma fareti ranar yara ta 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, da tsare ƙofa a wurin biki. Idan ɗanka ya shekara a ciki bai kafa tanti ba, bai dafa wa rukuninsa abinci ba, ba a taɓa ɗora masa nauyin kowa ba, to maci yake koyo, ba abin da aka fara a Brownsea ba.

Ya kai uba, ya ke uwa, idan yaronku ya zo da takardar neman izinin shiga, kada ku sa hannu a tsaye a bakin ƙofa. Ku je ku ga malamin ido da ido, ku tambayi ko rundunar tana da rajista da ƙungiyar ƙasa, ku san sunan babba na biyu da zai bi su sansani, ku karɓi lambar wayarsa. Ku gaya wa yaron tun kafin ya tafi cewa duk babban da ya ce masa kada ka faɗa a gida, wannan maganar ce ta farko da za a faɗa a gida, kuma ba za a doke shi ba. In ya dawo, ku zaunar da shi ya ba ku labarin sansanin tun daga tashi har sauka, ku saurara har ya gama.